Llamara

Ƙarfe biyu saura, kwanon rufi yana gasa mu,
rana ta Garwa ba ta san ɗan kowa ba.
Mu tamanin da huɗu, gwiwa na gugar gwiwa.
Musye Danwe ya ɗauki guntun alli ya rubuta: llamar.
Ya ce wannan aikatau ba shi da gardama,
inda ka ja shi nan yake bi, kamar tunkiya a igiya.
Ma'anarsa kira.

Ya ce ku fara leƙa gidan jiya,
inda mutane da yawa suka yi abu suka gama:
llamaron, sun kira.
Ku yanke wutsiyar,
sai ya shafe ron da gefen hannu, farin ya hau masa riga,
ku ɗinka ra a gurbinta.
Llamara, llamaras, llamara,
llamáramos, da ɗan tsinken nan a kansa,
wanda ya manta shi ya zubar da maki,
llamarais, llamaran.
Aji ya ɗauka baki ɗaya kamar masu sussuka.

Dudu ta ɗaga hannu. Musye, wannan jiya ce ko gobe?
Ya share zufa, ya ce ba ko ɗaya.
Ɗaki ne da aka gina wa abin da bai faru ba,
a ajiye shi kada ya kwana waje.

Ni na san ɗakin.
A gidanmu na Marware a cikinsa muke cin tuwo.
An ce da-na-sani ƙeya ce, a baya take zama,
amma namu "da" a tsakiyar tabarma yake,
da kwanonsa.

Wata goma sha huɗu ke nan Iliyasu ya sayar da babur.
Kiransa na ƙarshe iska ta cinye rabi,
abin da ya rage: ana hango fitilun Sifaniya daga nan,
ki gaya wa Inna ta daina kuka.
Tun ranar waya na ɗaure a bakin zaninta.
In an ɗauke wuta, dala ashirin a shagon Bakari,
ta tsaya kan cajin kamar mai jiran tukunya ta tafasa.

Musye ya ce kowa ya ƙera jimla.
Na gabana ya sayi mota da tasa,
Dudu ta je Yawunde ta zama likita.
Ni na rubuta:
Si Iliyasu llamara, mi madre dormiría.
Da Iliyasu zai kira, da Inna ta yi barci.
Jan biro ya zo, ya tsaya, ya daɗe a sama.
Ya ce babu kuskure.
Ya wuce, sai ya dawo, ya rage murya:
ana iya cewa llamase ma, duk ɗaya ne.
Hanya biyu ke nan ta faɗin abu guda,
babu wadda ta taɓa sa waya ƙara.

A hanyar gida, motocin auduga na wuce ni,
na lura da abin da allo bai faɗa ba:
da zan kira, da zai kira,
kalma ɗaya ce, ni da shi a riga ɗaya.
Na ari wayar Dudu na danna lambar.
Matar nan ta kullum ta ba ni haƙuri da Faransanci.

Inna na tankaɗe. Me aka koya muku yau?
Na ce yadda ake yanke wa kalma wutsiya.
Ta yi dariya, rabonta da ita tun sallah.
Ban gaya mata wutsiyar nake tsoro ba,
llamaron, sun kira,
wasu baƙin murya daga bakin teku
suna tambayar ko nan ne gidan su wane.

Bar mu da llamara.
Ɗakin ƙunci ne, amma ba a rufe ƙofar ba.